Saga, Astrid da Patience: Yadda Finafinan Binciken Kisa Suke Nuna Masu Galahanga

A shagunan masu tura finafinai na Sakkwato, bayan na Indiya masu fassara da na Kannywood masu dogon zango, akwai wani rukuni da masu nemansa ba su da yawa amma ba sa gajiya da shi, wato finafinan Turai na binciken kisan kai, waɗanda ake bi zango bayan zango. Uku daga cikinsu nake son in duba a nan, domin dukkansu sun ɗora nauyin labarinsu a kan mace mai galahanga, lalurar da likitoci suke kira otizim. Na farko shi ne Bron, wanda aka fi sani da The Bridge, na haɗin gwiwar Suwidin da Denmak, da aka fara nunawa a 2011 aka kammala a 2018 bayan zango huɗu. Na biyu shi ne Astrid et Raphaëlle na tashar France 2, wanda ya fara fitowa a 2019. Na uku shi ne Patience, wanda tashar Channel 4 ta Ingila ta saki a watan Janairun 2025, kuma labarin Astrid ne aka sake shiryawa aka mayar da shi birnin Yok. Ma'aunin da na auna su da shi ba na masu sharhin fim kaɗai ba ne, domin a gidanmu akwai ɗan ƙanwata wanda bai kai shekara goma ba, likita ya tabbatar yana da wannan lalura, kuma da shi muke kwana muke tashi.

The Bridge ya buɗe ne da gawa da aka ajiye daidai tsakiyar gadar da ta haɗa Malmo da Kopenhagen, a kan layin iyakar ƙasashen biyu, abin da ya tilasta wa 'yan sandan kowane ɓangare su yi aiki tare. Daga Suwidin aka turo Saga Norén, wadda Sofia Helin ta fito a matsayinta, daga Denmak kuma Martin Rohde, mutum mai fara'a da son hira, wanda rayuwar gidansa take a hargitse. Saga ba ta iya gaisuwar da ta wuce kalma biyu, tana faɗin gaskiya a inda kowa yake jiran a sassauta, tana canza riga a tsakiyar ofis ba tare da ta lura cewa akwai idanu a kanta ba, kuma idan aka yi raha takan tsaya tana nazarin abin da ya sa aka yi dariya. Ta fuskar tsara labari da ɗaukar hoto da riƙe mai kallo, babu na biyunsa a cikin ukun nan, kuma ba na jin akwai mai jayayya a kan haka.

Abin da ya fi gamsar da ni game da Saga shi ne cewa fim ɗin ya bar halinta ya jawo mata asara ta gaske. A ƙarshen zango na biyu ta gano cewa Martin, wanda shi kaɗai ne za ta iya kira aboki, ya aikata babban laifi, sai ta kai rahotonsa, domin a wurinta doka ba ta da ƙofar baya ko ga wanda take ƙauna. Kyamara ta nuna cewa abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta da hanyar fitar da ciwon a fuska ko a baki yadda mutane suka saba gani. Wannan gaskiya ce da duk mai zama da irin waɗannan bayin Allah ya sani, domin rashin nuna damuwa daban yake da rashin jin ta. Yaronmu ba ya rungumar mahaifiyarsa, amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita bai ci komai ba har dare, yana ta kai da komo a bakin ƙofar ɗakinta.

Sai dai akwai inda Saga ta gaza. Fim ɗin bai taɓa fitowa fili ya ambaci lalurarta ba, ko da yake Helin ta faɗa a hirarraki cewa da wannan fahimta ta taka rawar. Wannan shiru tsohuwar dabara ce a irin waɗannan finafinai, kuma an yi ta a Bones na Amurka, wanda ya gudana daga 2005 zuwa 2017, inda aka ba jarumarsa, Temperance Brennan, dukkan alamomin amma aka ƙi furta sunan. Amfanin dabarar ga marubuta a bayyane yake: suna ɗaukar halayen da suke ba da dariya ko mamaki, idan kuma aka ce sun yi kuskure sai su ce ai ba su taɓa cewa ga abin da ke damunta ba. Bugu da ƙari, an lafta wa Saga tarihin gida mai tsananin duhu, da uwa mai cutar da 'ya'yanta da ƙanwa da ta kashe kanta, har mai kallo yana iya tashi da tunanin cewa baƙin cikin ƙuruciya ne ya mayar da ita haka. Wannan kuskure ne mai haɗari a wurinmu. Shekaru da dama bayan likita Leo Kanner ya bayyana lalurar a 1943, daga nazarin yara 11 da ya duba a Baltimore, an yi ta ɗora laifin a kan iyaye mata, ana cewa sanyin zuciyarsu ne ya jawo, kafin bincike ya rushe wannan zargi ya nuna cewa lamari ne na yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa, kuma gado yana da babban hannu a ciki. A unguwanninmu har yanzu uwa ce take shan tambaya, ko an ce ta yi wanka da magariba tana da ciki, ko an ce ta yi sakaci har iska ta taɓa yaro. Ba ma buƙatar fim da zai ƙara wa wannan zargi ƙarfi. Dole kuma in faɗa cewa The Bridge yana da fitowar tsiraici da gawarwaki da aka nuna ƙuru-ƙuru, don haka ba abin kunnawa a tsakar gida ba ne.

Astrid et Raphaëlle ya bi wata hanya dabam, kuma a nan zan fi daɗewa. Astrid Nielsen, wadda Sara Mortensen take fitowa a matsayinta, ma'aikaciya ce a ɗakin adana fayilolin manyan laifuka na birnin Faris, mahaifinta ɗan sanda ne wanda ya rene ta bayan mahaifiyarta ta tafi, kuma tun daga fitowar farko an faɗi lalurarta da sunanta. Kwamanda Raphaëlle Coste ta gano ta ne saboda wani fayil da Astrid ta haɗo mata da shi ba tare da an nema ba, domin ta hango alaƙa tsakanin mace-macen da kowa ya ɗauka ba su da dangantaka. Kisan da ake bincikawa a kowane kashi ba shi da nauyin na The Bridge, wani lokaci ma warwarewar takan zo da sauƙin da ya yi yawa. Ƙarfin fim ɗin yana cikin ƙananan abubuwa ne.

Astrid tana yawo da abin toshe kunne saboda ƙara tana yi mata ciwo, kuma masu shirya fim ɗin sukan ɗaga sautin wuri, ƙarar waya da takun takalma da maganganun mutane duk a lokaci guda, domin mai kallo ya ɗanɗana abin da take ji. Muna kallon irin wannan fitowa ne ƙanwata ta ce, “Yaya, tsai da shi nan. Hakanan shika yi in an tada injin maƙwabta.” Gaskiya ta faɗa, domin da zarar an ɗauke wuta janareta ya tashi a bayan katanga, yaron yakan danna tafukansa biyu a kunne, ya durƙusa a lungun da ke tsakanin randa da bango, yana kaɗa jikinsa gaba da baya har sai ƙarar ta zama abin da zai iya ɗauka. Shekaru muna fassara wannan da taurin kai ko tsoro. Ganin babbar mace mai aikin gwamnati tana yin kusan irinsa, kuma ba a nuna shi a matsayin hauka ba, ya yi wa ƙanwata amfanin da dogon bayani bai yi mata ba.

Akwai kuma dabarar wake. Astrid tana auna ƙarfin da ya rage mata a yini da ƙwayoyin wake, duk wata hulɗa da mutane ko sauyin tsari da ba ta shirya masa ba yana cin wasu daga ciki, idan suka ƙare kuma jikinta yakan rufe gaba ɗaya. Ban ga wani fim da ya bayyana gajiyar masu galahanga da kyau kamar haka ba. Ita ce amsar tambayar da dangi suke yi mana bayan kowane biki ko suna, cewa yaron da ya zauna lafiya tun safe me ya same shi da la'asar yake kururuwa yana buga kansa. Abin da ya same shi shi ne yinin gaba ɗaya: hayaniya, turare, hannuwan da suka yi ta shafa kansa, da abincin da ba a saka a kwanon da ya saba ba. Fim ɗin ya kuma kai mu zaman wata ƙungiya ta manya masu lalurar, inda suke tattauna yadda za su fahimci sauran mutane, kuma a nan ne kaɗai ake ganin cewa ba kamanninsu ɗaya ba, wani mai yawan magana ne, wani kuma da ƙyar yake ɗaga kai. Inda Mortensen ta ɗan yi rauni shi ne a murya da tafiya, domin wani lokaci takan tsaurara su har su koma abin da aka haddace, kuma mai zama da irin waɗannan mutane zai gane cewa kwaikwayo ne.

Wannan raunin ne Patience ya gyara. Ella Maisy Purvis, wadda ta fito a matsayin Patience Evans, ita kanta tana da galahanga, kuma ana ganin bambancin a jikinta tun kafin ta buɗe baki: yadda idonta yake sauka kusa da fuskar mai magana ba a kanta ba, yadda yatsunta suke aiki lokacin da hankalinta ya tashi, da yadda take ƙoƙarin ɓoye duk wannan idan tana gaban manyanta a ofis. Wannan ɓoyewar ita ce abin da 'yan mata masu lalurar suka fi yi, kuma tana cikin dalilan da suka sa ake gano lalurar a yara maza kusan ninki huɗu fiye da mata. Abin lura ne cewa dukkan finafinan uku mata suka zaɓa, kuma ina ganin hakan alheri ne, domin a garinmu yarinyar da ba ta kallon ido, ba ta son shiga mutane, yabonta ake yi da kunya da kawaici har ta girma ba wanda ya tambayi ko tana shan wahala. Labaran kisan da ke cikin Patience su ne mafi rauni a cikin ukun, kuma wanda ya riga ya kalli Astrid zai san inda aka dosa tun da wuri.

Duk da wannan yabo, akwai aibi guda da ya haɗa su, kuma shi ne ya hana ni cewa sun gamsar da ni gaba ɗaya. A kowane ɗayansu ana haƙuri da jarumar ne saboda tana da baiwar da babu mai irinta. Saga ta fi kowa iya bincike, Astrid ta haddace dubban fayiloli, Patience tana hango tsari a inda wasu suke ganin tarkace. Matsayinta a cikin mutane kamar na ɗan haya ne, wanda dole ya biya kuɗin ɗaki a ƙarshen kowane kashi ta hanyar gano mai kisa, in ba haka ba babu dalilin da labarin ya bayar na a ci gaba da zama da ita. Wannan hoto ya samo asali tun daga fim ɗin Amurka Rain Man na 1988, kuma ya yi nisa da yawancin gidaje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da galahanga, kuma a cikinsu masu irin wannan baiwa ta ban mamaki 'yan kaɗan ne, ƙiyasin da aka fi ambato shi ne ɗaya cikin goma. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye ba sa magana sam ko kalmominsu ƙalilan ne, da yawa suna da jinkirin fahimta, wasu kuma suna fama da farfaɗiya a kan lalurar. Tun da aka haɗe nau'o'in a ƙarƙashin suna guda a littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 2013, sunan ya ƙunshi farfesa da kuma wanda ba zai iya sa wa kansa riga ba, amma talabijin gefe ɗaya kawai take ɗauka.

Na ga illar wannan a gidanmu. Bayan Inna ta zauna ta kalli wani kashi na Astrid tare da mu, ana fassara mata, sai ta juya ta dubi jikanta yana jera murafun kwalba a kan tabarma, ja a gefe ɗaya, shuɗi a gefe ɗaya, ta ce, “To shi maigidan nawa, ina tashi baiwa?” Da ƙauna ta yi tambayar, amma ta yi wa mahaifiyarsa nauyi, domin yaron ba ya lissafi, ba ya haddace komai fiye da tallar da yake maimaitawa daga rediyo, kuma ba ma tsammanin wata rana zai warware wa kowa matsala. Haƙƙinsa na a zauna da shi, a koya masa, a kare shi, bai rataya a kan wata baiwa ba. Iyayen da suke kai 'ya'yansu asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko suke neman gurbi a makarantar masu buƙata ta musamman ta A. A. Raji, abin da suke nema shi ne yaro ya iya faɗin yana jin ƙishirwa, ya iya shiga bayan gida da kansa, ya daina gudu zuwa titi. Babu ɗaya daga cikin finafinan uku da ya tsaya a kan irin wannan rayuwa.

Abin mamaki kuma shi ne, finafinan 'yan sanda ne, amma sun fi son mai galahanga a bayan tebur yana bincike, alhali a zahiri ya fi samun kansa a gaban tebur, a matsayin wanda aka zalunta, ko shaida, ko wanda ake zargi. Mutumin da ba ya kallon ido, yake jinkirin amsa, yake maimaita tambayar da aka yi masa, ko yake cewa “e” ga duk abin da aka faɗa domin a ƙyale shi, duk alamomin mai laifi ne a idon jami'in da ba a horar ba. A Ingila dokar 1984 da ta tsara yadda 'yan sanda suke tattara shaida ta kai ga tanadin cewa irin wannan mutum ba a yi masa tambayoyi sai da wani babba da zai tsaya masa. A Najeriya an sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a watan Janairun 2019, amma duk mai ɗa irin namu ya san fargabar ranar da zai girma, ya fita shi kaɗai, a tsayar da shi a shingen bincike da dare ya kasa bayanin kansa. Astrid da Patience sun taɓa wannan a farkon labarinsu, inda aka shigar da jarumar ɗakin tambayoyi bisa zargi ta rikice, amma nan da nan aka wuce saboda ana buƙatar ta koma aikin bincike.

Wanda ya tsaya a kan batun da gaske ba ya cikin ukun nan. Shi ne kashi na 3 na Extraordinary Attorney Woo, fim ɗin Koriya ta Kudu na 2022 mai kashi 16, wanda na kotu ne ba na 'yan sanda ba. A can an ba lauya Woo, wadda ita ma mai baiwa ce, aikin kare wani saurayi mai galahanga mai tsanani da ake zargi da kashe yayansa, saurayin da ba ya iya ba da labarin abin da ya gani sai 'yan kalmomi da yake ta maimaitawa. An sa su biyun a ɗaki guda, kuma ita kanta ta rasa yadda za ta yi magana da shi, ta kuma faɗa a fili cewa suna ɗaya ba ya nufin hali ɗaya. An nuna mahaifiyarsa da gajiyarta, an nuna yadda jama'a suka yanke masa hukunci tun kafin kotu. Kashi ɗaya ne tak, amma shi ne na ga ƙanwata ta nemi a sake kunna mata.

Ga mai son ya sa a tura masa, Astrid et Raphaëlle ne zan fara ba shi shawara, musamman idan akwai mai lalurar a gida ko a aji, domin shi ne ya fi bayani kuma ya fi sauƙin kallo tare da manyan gida, ko da yake fim ɗin kisa ne, bai dace da ƙananan yara ba. Da Faransanci yake, don haka a tabbatar mai shago ya haɗo da fassarar rubutu ta Turanci a ƙasan allo kafin a bar wurin, sai fa ga 'yan'uwanmu na Ƙonni da sauran masu jin harshen, waɗanda za su fi mu morar sa. Patience ya cancanci kallo saboda Purvis, kuma zangonsa na farko kashi shida ne kawai, ba zai cika waya ba. The Bridge na babba ne shi kaɗai, wanda yake neman labari mai ƙarfi kuma ya san cewa Saga mutum ɗaya ce da marubuta suka ƙera, ba hoton kowa ba. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya ko jami'in tsaro da ba shi da lokacin bin dogon zango, ya nemi kashi na 3 na lauya Woo ya fara da shi.